Artem Mikoyan, ɗan masassaƙin da ya ƙera MiG

Cikin watan Agusta na shekarar 1967, yaƙin basasar Najeriya yana sabon farawa, manyan jiragen dakon kaya na Tarayyar Sobiyet suka sauka a filin jirgin saman Kano, birnin nan da fataken Maradi da Gazawa suka saba zuwa ciniki. Kayan da aka sauke jiragen yaƙi ne, waɗanda ake kira MiG. Sunan ya bazu ƙasar Hausa, amma kaɗan ne suka san mutumin da harafin farko yake wakilta.

Shi ne Artem Mikoyan. An haife shi ran 5 ga Agusta 1905 a Sanahin, wani ƙauye cikin duwatsun Armeniya. Mahaifinsa masassaƙi ne, wansa kuwa Anastas ya zama babba cikin shugabannin Sobiyet. Artem ya fara da aikin gyaran ƙarfe a ma'aikatu, sa'an nan ya yi soja, ya shiga babbar makarantar injiniyoyin jirgin sama ta Zukobski a Mosko, ya fito a 1937. Cikin Disamba 1939 aka ba shi ofishin zana jirage, tare da abokin aikinsa Mikhail Gurevich. Daga sunayensu biyu aka samu kalmar MiG.

Jirginsu na yaƙin duniya na biyu, MiG-3, yana da gudu can sama, amma makaminsa bai taka kara ya karya ba: bindiga ɗaya mai milimita 12.7 da ƙanana biyu. Da yaƙi ya ƙare, abin da Sobiyet take tsoro shi ne manyan jiragen Amurka masu jefa bam, irin B-29 da ya ƙone Hiroshima. Sai aka buƙaci jirgin da zai cim musu, ya kakkaɓo su nan take. A 1946 Mikoyan ya tafi Ingila cikin tawagar da ta sayo injin Rolls-Royce Nene. Da wanga inji MiG-15 ya fara tashi ran 30 ga Disamba 1947.

A ƙarƙashin hancinsa aka ɗaura igwa uku na ofishin Nudelman: ɗaya mai milimita 37 da harsashi 40, biyu masu milimita 23 da harsashi 80 kowace. Harsasan masu fashewa ne, kaɗan sun isa su karya fiffiken babban jirgi.

A sararin Koriya aka gwada su. MiG-15 ya bayyana cikin Nuwamba 1950, wata guda baya Amurka ta aiko da F-86 Sabre don ya tare shi. Maƙeran Sabre sun bi wata hanya dabam, irin ta masu cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Sun sa masa bindigogi 6 masu milimita 12.7, kowace tana aman harsashi wajen 1,200 a minti, alhali babbar igwar MiG ba ta wuce kamar 400 ba. Kuma yana da na'urar saiti mai auna nisa da rada.

Kowane da ranarsa. A kan B-29, igwar MiG ba ta da na biyu: bayan asarar ran 23 ga Oktoba 1951, Amurka ta maida hare-haren waɗannan jirage da dare. Amma a kan Sabre mai zulliya, igwar tana da nawa, harsasan iri biyu kuma ba su bin hanya ɗaya, sai a yi ta kuskure. Shi kuwa Sabre yana samun abokin gaba da sauƙi, amma sau da yawa MiG ya koma gida da huji a jiki bai faɗi ba. MiG ya fi saurin hawa sama, Sabre ya fi biyayya ga matuƙi idan gudu ya yi tsanani.

Ɓangarorin biyu duk sun ɗauki darasi. A 1953 Amurka ta gwada igwa mai milimita 20 a kan Sabre. Daga baya, da makamai masu linzami suka fito, aka zaci zamanin igwa ya wuce: F-4 Phantom na farko da wasu MiG-21 sun fito ba igwa. Yaƙin Biyetnam ya nuna kuskuren, domin tsohon MiG-17 da igwarsa uku ya kayar da jirage da suka fi shi tsada nesa. Dole aka maido da igwa, matsakaiciya mai saurin harbi.

A Najeriya kuwa MiG-17 bai samu abokin karawa a sama ba. Igwar da aka ƙera domin manyan jirage sai aka juya ta ƙasa, farar hula kuma suna cikin waɗanda suka rasa rayukansu.

Mikoyan ya rasu a Mosko ran 9 ga Disamba 1970, wata 11 bayan ƙarshen wannan yaƙi. An binne shi a maƙabartar Nobodebici, a Sanahin kuma aka buɗe gidan tarihi na tunawa da shi da wansa.