Howard Florey, Wanda Ya Mai Da Funfuna Magani

Idan malamin kimiyya ya tambaye mu wa ya gano fenisilin, duk mukan ɗaga hannu mu ce Alexander Fleming. Gaskiya ne, shi ya lura a 1928 cewa wata irin funfuna tana kashe ƙwayoyin cuta. Amma shekara goma bayan haka babu asibitin da ke da maganin. Wanda ya kai shi gadon majinyaci shi ne Howard Florey.

An haife shi a Adelaide, ƙasar Ostireliya, a 1898, mahaifinsa mai masana'antar takalmi. Ya karanta likitanci, ya tafi Ingila, ya zama farfesa a Jami'ar Oxford a 1935. Nan ya haɗa kai da Ernst Chain da Norman Heatley.

Wahalar ita ce funfunar marowaciya ce. Sai an shuka ta a saman ruwa mai abinci, a jira kwanaki, sannan a tace ɗan abin da ta zubar. Ga yaƙin duniya, ga rashin kuɗi, har a fo ɗin marasa lafiya suka riƙa renonta. A watan Mayu 1940 suka sa wa ɓeraye 8 cuta, suka yi wa 4 allura. Gari na wayewa, waɗannan huɗun ne kaɗai ke numfashi.

A 1941 suka gwada shi a kan wani ɗan sanda, Albert Alexander. Ya fara samun sauƙi, sai magani ya yi ƙasa. Har daga fitsarinsa suka riƙa tato shi suna mayar masa, duk da haka ya ƙare, mutumin ya rasu. Mu dai wannan wurin ya fi taɓa mu: magani yana aiki, yawansa ne ya gaza.

Shi ya sa Florey ya ɗauki Heatley suka haura Amurka. A garin Peoria aka gano funfunar tana haɓaka ƙwarai in an ba ta ruwan jiƙon masara, aka kuma sami irin da ya fi albarka a jikin wani ruɓaɓɓen ɗan itace dangin kankana. Daga nan aka koma tsima ta cikin manyan tankuna ana hura iska ana motsawa. Zuwa 1944 maganin ya wadaci sojojin ƙawance da suka ji rauni.

A 1945 aka raba kyautar Nobel tsakaninsa da Fleming da Chain, ban da Heatley. Florey ya rasu a Oxford a 1968, daga baya ƙasarsa ta sa hotonsa a takardar dala 50.