Louis Pasteur, Ɗan Majemi

An haifi Louis Pasteur a garin Dole na ƙasar Faransa a 1822. Mahaifinsa majemi ne. A 1848 yana binciken sinadarin tsamin inabi, wanda akwai irinsa cikin tsamiyarmu ta Karaye da Rogo, sai ya lura ƙwayoyin gishirinsa iri biyu ne, kamar hannun dama da na hagu. Ya sa hantsaki ya ware su ɗaya-ɗaya. Bambancin nan babba ne wajen haɗa magani, domin wani lokaci ɗaya ya warkar, ɗan'uwansa ya cutar. A 1980 Sharpless da Katsuki suka gama sinadarin da ƙarfen titaniyam, aka riƙa samun hannun da ake so. Pasteur ya rasu a 1895. Ɗalibai, mahaƙurci mawadaci.