Ronald Reagan: Shugaban Amurka da cutar mantuwa ta kwantar

Ronald Reagan ɗan mai sayar da takalma ne, an haife shi a 1911 a jihar Illinois ta Amurka. Ya yi aikin rediyo, ya yi wasan fim, ya yi gwamnan Kalifoniya, daga baya ya mulki Amurka daga 1981 zuwa 1989. Shi ne ya karɓi baƙuncin Janar Seyni Kountche a Washington cikin Disamba 1984, shekarar da fari ya addabi Nijar.

A 1994 ya sanar da jama'a cewa ya kamu da Alzheimer, wato cutar mantuwa. Mutumin da baki ne jarinsa, a hankali magana ta gagare shi, ya daina gane mutane. Shekara kusan goma matarsa Nancy tana jinyarsa. A wajenmu, ko Gazawa ko Maraɗi, irin wannan tsoho sai a ce gigin tsufa ne, wani ma a jefe shi da maita, alhali ciwon ƙwaƙwalwa ne.

Idan cutar ta yi nisa, haɗiya kan yi wuya, abinci ya riƙa sarƙe mutum yana zarcewa huhu, tari ya yi rauni. Murar hunturu da jika zai warke cikin mako, ga kaka sai ta zama ciwon huhu, kuma ba ya iya faɗin inda ke masa ciwo, sai dai a ga ya ƙi abinci, numfashi ya yi sauri. Ciwon huhu ne ajalin Reagan, ranar 5 ga Yuni 2004, a gidansa na Los Angeles, yana da shekara 93.