Calouste Gulbenkian: dillalin man Iraƙi da ya tara taskar kayan tarihi

A birnin Lisbon na ƙasar Fotugal akwai wani gidan adana kayan tarihi da ke ɗauke da kayayyaki sama da 6,000, kama daga tangaran na ƙasar Sin da dardumomin Farisa, har zuwa fitilun gilashi na masallatan Masar da Sham. Mutum ɗaya ne ya tara su baki ɗaya, wato Calouste Gulbenkian, attajirin da aka yi wa laƙabi da Mai Kashi Biyar Cikin Ɗari.

An haifi Gulbenkian a shekarar 1869 a unguwar Uskudar ta birnin Santambul, cikin wani gidan 'yan kasuwa Armeniyawa masu sayar da kananzir. Ana ba da labarin cewa yana ɗan shekara 14 ya kashe kuɗin da mahaifinsa ya ba shi wajen sayen tsofaffin sulalla a kasuwa. Ya yi karatun injiniya a Landan, daga nan aka tura shi Baku ya ga yadda ake haƙar mai. A shekarar 1896, lokacin kisan gillar da aka yi wa Armeniyawa a Daular Usmaniyya, ya tsere da iyalinsa zuwa Masar, kuma a 1902 ya zama ɗan ƙasar Birtaniya.

Shi dai Gulbenkian dillali ne, kuma a dillanci ya yi arziki. Yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin man Turkiyya a 1912, inda daga bisani rabonsa ya tsaya a kashi 5 cikin ɗari. Da aka haƙo mai a kusa da Kirkuk a 1927, sai wannan ɗan kason ya zama dukiya mai ɗimbin yawa. A shekarar 1928 manyan kamfanonin Birtaniya da Holand da Faransa da Amurka suka raba sauran a tsakaninsu, kowane rukuni da kashi 23.75. Su kuwa 'yan Iraƙi, waɗanda aka yi wa alkawarin kashi 20 a taron San Remo na 1920, ba su samu hannun jari ko ɗaya ba, sai ɗan abin da ake biyan gwamnatinsu a kan kowane tan.

Da kuɗin da ya samu a harkar mai ne ya cika gidansa na birnin Paris da kayan ƙawa. Ba ya saye da gaggawa. Yakan nemi shawarar masana, ya sa a kawo masa abu ya zauna da shi, sannan ya yi ciniki mai tsanani kamar yadda yake yi da kamfanonin mai. In ya samu abin da ya fi wanda yake da shi kyau, yakan rabu da na farkon.

Zuciyarsa ta fi karkata ga kayan ƙasashen Musulmi, ƙila domin a cikinsu ya tashi. Ya tara kwanoni da farantan garin Iznik na Turkiyya masu zanen furanni shuɗi da ja, da dardumomin zamanin Safawiyawa da na sarakunan Mughal na Indiya, da littattafan Farisa rubutun hannu. Mafi ɗaukar hankali su ne fitilun gilashi na ƙarni na 14, zamanin Mamlukawa. Sarakuna da manyan fadawa ne ke sa a ƙera irinsu domin a rataye a masallatai da makarantu, a yi musu ado da ruwan zinariya da launuka, galibi a rubuta ayar haske ta Suratun Nur a wuyansu tare da sunan wanda ya yi waƙafin. Kayan gilashi ne masu saurin fashewa, saboda haka kaɗan ne suka kai wannan zamani lafiya.

Cinikinsa mafi shahara shi ne wanda ya yi da Tarayyar Sobiyet tsakanin 1928 da 1930. Gwamnatin Stalin na neman kuɗin waje ido rufe domin gina masana'antu, sai ta shiga sayar da kayan gidan tarihi na Hermitage a asirce. Gulbenkian ya sayi zanen Rembrandt da na Rubens, da kayan cin abinci na azurfa da maƙeran Paris suka yi wa fadar sarakunan Rasha. Haka kuma ya sayi ayyuka kusan 200 na abokinsa René Lalique, gwanin kayan ado da gilashi.

Abin da ya dame shi da girma ya zo shi ne kada kayan su watse bayan ransa, domin yana ɗaukarsu tamkar 'ya'yansa. Da farko Landan ya nufa da su, har ya ba da aron wasu a 1936, aka kuma fara maganar gina musu wuri na musamman. To sai dai Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓata shirin. Da Jamus ta mamaye Faransa, ya bi gwamnatin ƙasar zuwa Vichy a matsayinsa na jami'in ofishin jakadancin Iran, sai Birtaniya ta sa shi cikin jerin abokan gaba a dokance, ta riƙe kasonsa na mai. An mayar masa daga baya, amma bai manta da wannan cin fuska ba, ga kuma fargabar harajin gado.

A 1942 ya koma Lisbon, ya zauna a otal ɗin Aviz har ya mutu a ranar 20 ga watan Yuli na 1955, yana da shekaru 86. Bisa wasiyyarsa aka kafa gidauniya da sunansa a 1956, kuma bayan doguwar tattaunawa da hukumomin Faransa aka kwaso kayan zuwa Fotugal. An buɗe gidan tarihin a 1969, shekaru 14 bayan mutuwarsa.

Gidauniyar ta mayar da wani ɓangare na kuɗin Iraƙi, inda ta gina filin wasa na Al-Sha'ab da aka buɗe a Bagadaza a 1966. A shekarar 1972 gwamnatin Iraƙi ta ƙwace kamfanin man ta mayar da shi mallakar ƙasa, sannan a 2019 gidauniyar ta sayar da kamfaninta na Partex, ta fita daga harkar mai baki ɗaya.