Modest Mussorgsky: Mawaƙin Rasha Da Aka Gyara Wa Aiki Bayan Ya Mutu

Yau za mu ba ku tarihin wani mai tsara kiɗa na ƙasar Rasha, Modest Mussorgsky, wanda ya mutu cikin talauci amma sunansa bai mutu ba.

An haife shi a 1839 a ƙauyen Karevo cikin lardin Pskov, gidan masu gonaki da bayi. Ya shiga soja har ya zama hafsa, amma a 1858 ya tuɓe kaki don ya riƙi kiɗa. Da aka 'yanta bayin gona a Rasha a 1861, sai arzikin gidansu ya karye. Dole ya kama aikin akawu a ofishin gwamnati a birnin St. Petersburg, rana yana kan tebur, dare yana tsara waƙa.

Shi da abokansa huɗu, watau Balakirev da Borodin da Cui da Rimsky-Korsakov, suka ƙudura cewa kiɗan Rasha ya daina kwaikwayon na Italiya da Jamus. Shi Mussorgsky burinsa waƙa ta bi yadda talaka ke magana a kasuwa da kan titi.

Babban aikinsa shi ne Boris Godunov. Irin wasan nan ne da ake kira opera, watau wasan kwaikwayo wanda ba a magana cikinsa sai da waƙa, makaɗa na raka 'yan wasa. Ya ɗauko labarin daga littafin Pushkin. Boris sarki ne da ya mulki Rasha daga 1598 zuwa 1605, ana kuwa zarginsa da sa a kashe Dmitry, ƙaramin ɗan sarki Ivan. A cikin wasan, alhakin yaron nan ne ya hana shi barci har ajalinsa ya zo.

Ya gama a 1869, amma hukumar gidan wasa na Mariinsky ta ƙi karɓa, babban dalilinta shi ne babu mace mai muhimmin matsayi a ciki. Ya koma ya sāke, aka nuna shi a 1874. Daga nan giya ta ci ƙarfinsa. Aka sallame shi daga aiki a 1880, ya mutu a asibitin soja a watan Maris na 1881, yana da shekara 42. Kwanaki kaɗan kafin nan mai zane Repin ya zana shi, fuska a kumbure, gashi buzu-buzu.

Bayan mutuwarsa Rimsky-Korsakov ya ga kamar kiɗan abokinsa ya yi kaushi, sai ya sāke tsara shi, ya ƙawata. Wannan gyararren shi duniya ta fara sani, shi ne kuma aka yi amfani da shi a silima mai launi ta 1954, wadda Vera Stroyeva ta shirya a Mosko.

To, ina darajar silimar? Darajarta muryoyi ne. Alexander Pirogov, mai babbar murya, shi ya fito a Boris. Ivan Kozlovsky kuwa ya fito a wawan Allah, tsumma a jiki, wanda ya dubi sarki a bainar jama'a ya tuna masa da jinin yaron, ya kuma ƙi yi masa addu'a. Wurin nan kaɗai ya isa mutum ya zauna ya kalla. Taron talakawa masu roƙon abinci su ma sun fito sosai, abin da dandamalin gidan wasa ba ya iya ɗauka.

Aibinta biyu ne. An datse wasan ainun don ya shiga lokacin silima, har wanda bai san labarin ba zai riƙa ɓata hanya. Na biyu, kiɗan da ake ji mai ƙyalli na Rimsky-Korsakov ne, alhali mai abin ya so shi da duhu da nauyi.

An buga ainihin rubutun Mussorgsky a 1928, yanzu kuwa manyan gidajen wasa galibi shi suke bi. Kaushin da aka ɗauka kuskure ne, ashe da gangan ya yi. Saboda haka wanda ya sami silimar nan ya kalle ta don mawaƙan, sa'an nan ya nemi na asali ya ji abin da akawun nan ya rubuta da hannunsa.