Marigayi Bishop Samuel Ajayi Crowther: Bawan da Ya Zama Shugaban Ikilisiya

An haifi Ajayi a garin Osogun na ƙasar Yarbawa wajen shekarar 1809. A cikin 1821 mahara suka faɗa wa garin, suka kama shi tare da mahaifiyarsa, sa'an nan aka raba su. Aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu har ya faɗa hannun Turawan Fotugal masu fataucin bayi.

A watan Afrilu na 1822 jiragen yaƙin Ingila suka tare jirgin da ke ɗauke da shi, aka sauke bayin a Freetown ta ƙasar Saliyo. A can ya koyi karatu, aka yi masa baftisma a 1825 da sunan Samuel Crowther, a 1827 kuma ya shiga Kwalejin Fourah Bay cikin ɗalibanta na farko. Tun daga lokacin ya ɗauki kuɓutarsa a matsayin ikon Allah, wannan tabbaci kuwa shi ne ya riƙe shi a dukan wahalolin da suka biyo baya.

A 1841 ya bi ayarin da ya hau kogin Kwara, inda zazzaɓi ya hallaka Turawa da yawa. An naɗa shi limamin Kirista a 1843. A 1846, yana aiki a Abeokuta, Allah ya sada shi da mahaifiyarsa bayan rabuwar shekara 25.

A 1857 ya kafa mishan a Anacha, amma a wannan shekara jirginsu mai suna Dayspring ya fashe a kan duwatsu kusa da Jebba. Maimakon ya karaya, sai ya yi amfani da watannin jira wajen nazarin harshen Nufawa. Daga baya ya ƙulla zumunci da Etsu Masaba na Bida, ya kuma yi suna wajen muhawara da malaman Musulunci cikin ladabi da girmamawa.

Ranar 29 ga Yuni, 1864, aka naɗa shi bishop a Canterbury, ya zama ɗan Afirka na farko da ya riƙe wannan muƙami a Ikilisiyar Angalika. Ya jagoranci fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Yarbanci.

Jarrabawa mafi ɗaci ta zo masa ne a tsufansa, kuma daga cikin gida. A 1890 waɗansu matasan Turawan mishan suka zargi ma'aikatansa 'yan Afirka da rashin cancanta, suka dakatar da da dama daga cikinsu a taron da aka yi a Anacha. Dattijon ya sauka daga shugabancin kwamitin, amma bai bar ikilisiya ba, bai kuma rama da zagi ba. Ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a Ikko ranar 31 ga Disamba, 1891. Bature aka naɗa ya gaje shi.

A 2014 Babban Bishop na Canterbury, Justin Welby, ya nemi gafara a bainar jama'a saboda wulaƙancin da aka yi masa. Ikilisiyoyin da ya dasa a bakin Kwara kuwa sun ɗore, sun haifi waɗansu. Ma'aikaci ko ɗalibin da aka zalunta yana da abin koyi a nan: Crowther ya ci gaba da aikinsa da gaskiya, ya bar sakayya a hannun Allah.