Nana Asma'u 'Yar Shehu, Malamar da Ta Rubuta Tarihinmu

A jami'o'in duniya a yau akwai lambobin yabo da tallafin bincike da ake warewa musamman domin mata masana tarihi. Ana duba littafin da mace ta rubuta, idan ya yi fice a karrama ta, a kuma ba ta abin da za ta ci gaba da nazari. Duk lokacin da aka yi zancen irin wannan karramawa, ya kamata mu 'yan ƙasar Sakkwato mu tuna da wata baiwar Allah da ta yi wannan aiki tun kafin a san da waɗannan kyaututtuka, wato Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya yi musu rahama. Yawancinmu mun san ta a matsayin malamar mata kuma mawaƙiya. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne, marubuciyar tarihi ce ta haƙiƙa.

An haife ta a Ɗagel a shekarar 1793. Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan, amma maimakon sunan Husaina da al'ada ta tanada, sai Shehu ya raɗa mata Asma'u. Sunan mahaifiyarta Maimuna. Ta tashi a gidan da karatu ya zama abincin yau da kullum ga maza da mata, ta haddace Alƙur'ani, ta ƙware a Larabci da Fulatanci da Hausa, tana kuma jin yaren Buzaye.

Ba ta wuce shekara 11 ba lokacin da jama'a suka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804. Tana cikin jama'ar aka yi yaƙin Tafkin Kwatto, aka sha wuyar Tsuntsuwa inda mahaddata da yawa suka yi shahada, aka yi ta fama da yunwa da ƙaura daga wannan zango zuwa wancan, har aka ci Alƙalawa a 1808. Wannan shi ne abin da ya bambanta ta da marubutan da suka zo daga baya: abin da ta rubuta ganau ce a kansa, ba jiyau ba. A cikin waɗannan shekaru aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Muhammadu Bello, wanda ya zama Wazirinsa.

Bayan rasuwar Shehu a 1817, tana cikin waɗanda suka ɗauki nauyin tattara rubuce-rubucensa da tsara su. Duk wanda ya taɓa riƙe makaranta ya san yadda takarda ke saurin salwanta ko da a cikin kabad, balle takardun da suka sha yawo a gafaka a bayan raƙumi, ga gara ga damina. A nan ta koyi ladabin mai tarihi, wato tabbatar da abu kafin rubuta shi.

Babban aikinta a wannan fanni shi ne waƙar da ta tsara da Fulatanci a 1839, wadda ɗan'uwanta Isa ɗan Shehu ya mayar Hausa daga baya, aka san ta da Waƙar Gewaye. A cikinta ta bi rayuwar Shehu daki-daki, daga yawon wa'azi zuwa hijira da yaƙe-yaƙe, har zuwa zamanin Bello, tana ambaton garuruwa da mutane bisa tsarin faruwarsu. Ta kuma yi wata waƙar a kan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Bello ya rinjayi taron dangin Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Buzaye. Bayan rasuwar Bello a Wurno a 1837 ta rubuta bayanin halayensa, a daidai lokacin da mijinta ke rubuta nasa littattafan da Larabci a kan Shehu da Bello. Shi ya rubuta wa malamai, ita kuwa ta sa tarihin a bakin talakawa. Kada mai karatu ya raina shi don an zubo shi a waƙa. A zamanin da babu maɗaba'a kuma takarda na da tsada, waƙa ita ce littafin da mace za ta tafi da shi rijiya ko ta rera a bakin turmi.

A ganinmu, inda ta fi kowa shi ne marsiyyoyinta. Marubutan wancan zamani sun cika littattafansu da sarakuna da jarumai da manyan malamai. Asma'u ta yi wa waɗannan marsiyya, amma ba ta tsaya nan ba. Ta yi wa A'ishatu aminiyarta, ta yi wa Halima maƙwabciyarta, ta yi wa Zaharatu mai taimakon mata a wajen haihuwa, ta yi wa Hawa'u wadda ke jagorantar mata zuwa karatu. Abin da take yabo a wurinsu shi ne haƙuri da kyauta da sulhunta mutane da kula da marayu. Ba don ita ba, da sunayen waɗannan mata sun bi iska, da kuma mun ɗauka maza kaɗai suka gina Daular Usmaniyya.

Don saƙon ya isa ƙauyuka ta kafa tsarin 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali da riƙon amana a naɗa ta jaji, a ɗora mata malfa a naɗe da jan rawani, alamar an yarda da iliminta da halinta. Idan muna neman lambar yabo ta mata masu ilimi a ƙasarmu, to ga ta nan. Jaji kan kawo 'yan mata da tsofaffi wurin Asma'u su karɓi karatu, su koma su koyar da na gida. Tsarin bai mutu da mutuwarta ba. 'Yar'uwarta Maryamu ta ci gaba da shi.

Ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Rubuce-rubucenta suka zauna a hannun zuriyarta a Giɗaɗawa, har zuwa kan Waziri Junaidu, wanda ya buɗe wa masu bincike ɗakin littattafansa. Wata Baturiya 'yar Ingila, Jean Boyd, wadda ta daɗe tana aikin koyarwa a Sakkwato, ta fitar da tarihin rayuwarta a 1989. A 1997 ita da Beverly Mack ta Amurka suka buga ayyukanta a kundi guda tare da fassarar Turanci, kuma ƙungiyar masana nazarin Afirka ta Amurka ta ba wannan kundi lambar yabo. Mata biyu masu bincike aka karrama, kuma sun cancanta, amma alƙalamin asali na 'yar Shehu ne.

Mun sa sunanta a makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai mata a jami'o'i, wannan ya yi kyau. Sai dai 'ya'yanmu da ke tashi a Legas da Kaduna da Abuja, kaɗan ne daga cikinsu za su iya karanta layi ɗaya na ajami, ga kuma takardun kakanni na ruɓewa a akwatuna a gidajenmu na gado. Shawararmu ga shugabannin wannan ƙungiya ita ce, a babban taro mai zuwa a ware wani abu daga asusun ilimi domin 'yar garinmu guda ɗaya duk shekara, mai karatun tarihi a jami'a, a ɗauke mata kuɗin rajista da na bincike, bisa sharaɗin aikinta na kammala digiri ya kasance a kan garin nan, ta kuma ajiye kwafi ɗaya a ofishin ƙungiya.